Nightwish ta ƙasar Finlan: yadda ta canza mawaƙiya sau biyu kuma ba ta watse ba

A daren 21 ga Oktoban 2005 ƙungiyar kiɗa ta Nightwish ta rufe rangadin kusan shekara ɗaya da rabi da wani babban wasa a zauren Hartwall da ke Helsinki. Bayan an sauko daga dandamali, mazan ƙungiyar su huɗu suka miƙa wa mawaƙiyarsu, Tarja Turunen, wata wasiƙa ta sallama. Ba a jima ba suka wallafa wasiƙar a shafinsu na intanet kowa ya karanta. A ciki sun ce halinta ya canza, kuɗi ya sha gaban aikin, suka kuma ɗora wani ɓangare na laifin a kan mijinta kuma manajanta, Marcelo Cabuli, ɗan ƙasar Ajantina. Ita ma ta mayar da martani da tata wasiƙar, ta ce an yi mata rashin adalci, musamman yadda aka fallasa maganar a idon duniya.

Masu bibiyar kiɗan rok da yawa sun ɗauka ƙarshen ƙungiyar ke nan, domin mai sauraro murya yake fara ganewa kafin ya san sunan mai ganga ko mai jita. Amma bayan wannan dare Nightwish ta fitar da kundin waƙoƙi biyar, ta sake rabuwa da wata mawaƙiyar a tsakiyar rangadi, mai ganga da mai jitar bes suka sauka daga aiki, kuma har yanzu sunanta yana nan. Dalilin yana cikin yadda aka gina ta: mutum ɗaya ne ke tsara kusan dukkan waƙoƙin, kuma akwai tsarin aiki da aka daɗe ana bi wanda bai rataya ga wanda ke riƙe da makirfo ba. Wannan tsarin ya ceci ƙungiyar, amma shi ne kuma ya riƙa gajiyar da mutanen da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya.

Kitee, 1996

Kitee ƙaramin gari ne mai mutane kimanin 10,000 a yankin Kareliya ta Arewa, kusa da iyakar Rasha, cikin dazuzzuka da tafkuna. A nan Tuomas Holopainen, wanda aka haifa a 1976, ya taso yana koyon fiyano. A bazarar 1996, yana zaune da abokansa a bakin wuta da dare, tunanin kafa ƙungiya ya zo masa: kiɗa mai sanyi, jitar katako marar lantarki, fiyano, da muryar mace. Ya nemo Emppu Vuorinen ya riƙe jita, da Tarja Turunen, 'yar garinsu da ke karatun waƙa irin ta opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake rerawa da waƙa, a reshen makarantar kiɗa ta Sibelius da ke garin Kuopio. A ƙarshen shekarar suka ɗauki kaset ɗin gwaji mai waƙa uku. Sunan ɗaya daga cikin waƙoƙin ne ya zama sunan ƙungiyar.

Da suka saurari abin da suka ɗauka, matsala ta fito fili: muryar Tarja ta fi ƙarfin kiɗan. Mai waƙar opera ana horar da ita ne ta cika babban zaure ba tare da lasifika ba, muryarta ta ratsa makaɗa sittin ko fiye. Tana sauke maƙogwaro, ta buɗe bayan baki, ta tura iska daga ciki da ƙarfi daidai gwargwado. Idan aka ajiye irin wannan murya a kan jitar katako guda ɗaya, sai ka ji kamar an ɗaura wa jaki sirdin doki. Mafita biyu ce: ko a rage muryar, ko a ƙara wa kiɗan nauyi. Suka zaɓi ta biyu. A farkon 1997 Jukka Nevalainen ya shigo da ganguna, Emppu ya koma jitar lantarki, ƙungiyar ta zama ta metal, wato reshen rok mai nauyi da kaushin sauti.

Yana da kyau a san aikin kowa a irin wannan ƙungiya, domin duk abin da ya biyo baya ya ta'allaƙa ne a kan haka. Mai ganga yana zaune a tsakiyar jerin ganguna da faya-fayan ƙarfe, hannuwansa biyu riƙe da sanduna, ƙafafunsa biyu suna taka babbar gangar ƙasa, kuma shi ne agogon kowa. Jitar bes, mai tsirkiya huɗu a bisa al'ada, ita ke riƙe ƙasan sauti. Tsirkiyarta mafi kauri tana kaɗawa sau 41 a sakan ɗaya. Jitar lantarki mai tsirkiya shida tana farawa ne daga kaɗawa sau 82 a sakan, kuma ana bi da sautinta ta na'urar da ke murɗe shi ya yi kaushi. Fiyanon lantarki yana kwaikwayon goge da ƙaho da 'yan amshi. Muryar mace mai tsayi irin ta Tarja tana zama a sama da su duka, daga kaɗawa kimanin sau 260 zuwa sama da 1,000 a sakan. Ka ga ke nan kowa yana da ɗakinsa. Wannan ne ya sa haɗin da a takarda yake kamar ba zai yiwu ba ya zauna daram a kunne.

Kamfanin Spinefarm na Helsinki ya ɗauke su, kundinsu na farko, Angels Fall First, ya fito a ƙarshen 1997. Aikin samari ne, kuma ana jin hakan: babu mai bes na dindindin, Emppu ne ya haɗa da shi, Tuomas da kansa ya rera baitocin namiji, abin da bai ci gaba da yi ba. Wasansu na farko a gaban jama'a sun yi shi ne a Kitee ranar 31 ga Disamban 1997. Bayan nan wasanni suka yi ƙaranci, saboda a Finlan aikin soja wajibi ne a kan samari, kuma ya faɗo a kan Jukka da Emppu, ita kuma Tarja tana makaranta.

Kundinsu na biyu, Oceanborn na 1998, ya fi sauri da wuyar kaɗawa, kuma da shi ne aka fara jin su a wajen ƙasar, musamman Jamus. Sami Vänskä ya karɓi bes. A 2000 sun shiga gasar zaɓen wakilin Finlan a Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai. Jama'a suka ba su ƙuri'a mafi yawa, amma alƙalai suka ja su ƙasa, ba su tafi ba. A shekarar ce kundinsu Wishmaster ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin cinikin ƙasar.

Sai 2001, shekarar da ba a cika ambata ba alhali ita ce mararraba. Rangadi ya yi yawa, Tuomas yana ɗauke da rubutun waƙa da yawancin ɗawainiyar tafiyarwa, zama da mai bes ya yi tsami, Tarja kuma tana shirin tafiya ƙarin karatu a Karlsruhe ta Jamus. Tuomas ya fara shaida wa mutane cewa ƙungiyar ta ƙare. Ya tafi yawon daji a Laplan, can arewacin ƙasar, tare da Tony Kakko, mawaƙin ƙungiyar Sonata Arctica, ya dawo da shawarar ci gaba amma da gyara biyu. Na farko, aka sallami Sami, aka kawo Marco Hietala, gogaggen makaɗi daga ƙungiyar Tarot wanda ya girme su da shekara goma. Na biyu, aka damƙa harkar kwangila da shirya wasanni ga manaja, Ewo Pohjola. Zuwan Marco ya wuce cike gurbi. Yana da murya mai ƙarfi da kaushi, don haka ƙungiyar ta samu mawaƙi na biyu na gaske. Wannan ya bai wa Tuomas damar rubuta waƙa kamar muhawara tsakanin muryoyi biyu, ya kuma bai wa mawaƙiya damar hutawa na waƙa ɗaya ko biyu a wasan sa'a biyu. Daga baya, lokacin da aka canza mawaƙiya, muryar Marco ce ta zama igiyar da ta haɗa tsohon sauti da sabo.

Yadda ake gina kundi irin nasu

A kundin Century Child na 2002 suka fara amfani da okestira ta gaske, wato babbar tawagar makaɗa masu kayan kiɗa iri-iri, ta birnin Joensuu, a wasu waƙoƙi. A Once na 2004 suka tafi Landan suka ɗauki ƙwararrun makaɗa, da Pip Williams a matsayin mai rubuta wa okestirar abin da za ta kaɗa. Daga nan tsarin aikinsu ya zauna, kuma matakansa ba sa yarda a tsallake ɗaya.

Komai yana farawa ne daga Tuomas shi kaɗai da fiyano. Sau da yawa yakan fara da labari ko jigo, sannan ya nemo masa karin sauti. Yana ɗaukar gwajin kowace waƙa da sautin kwaikwayo: gogen kwamfuta, gangar kwamfuta. Wannan gwajin shi ake rarraba wa sauran. Daga nan a tare a wani sansani, a kundayen baya-baya wanda ke bakin tafki a Röskö cikin yankin Kitee, a shafe makonni ana maimaitawa tare. A nan ake gano inda waƙa ta yi tsawo, inda jita ke cin karo da murya, inda mai ganga ba zai iya riƙe gudun da aka rubuta masa har ƙarshe ba. Duk gyaran da za a yi wa ginin waƙa dole a gama shi a wannan mataki, saboda abin da ke tafe yana da tsada.

A situdiyo ganguna ake fara ɗauka. Mai ganga yana sa abin ji a kunne, na'ura tana ƙwanƙwasa masa lokaci, kilik-kilik-kilik, a gudun da aka tsayar wa waƙar, misali bugu 140 a minti. Idan waƙar tana canza gudu a tsakiya, kamar yadda dogayen waƙoƙinsu ke yi, sai an riga an tsara taswirar canjin a kwamfuta. Wannan taswirar ita ce ƙashin bayan komai: bes, jita, okestira da murya duk a kanta za su hau. Kuskure a nan yana bin aikin har ƙarshe.

Bayan bes da jita sai okestira, kuma a nan kuɗi ke tafiya. Okestira rukuni huɗu ce: masu tsirkiya, daga bayolin wanda ya yi kama da goge zuwa celo da babban bes da ake kafawa a ƙasa, masu busa na katako, dangin sarewa, masu busa na tagulla, dangin ƙaho da kakaki, sai masu kiɗan duka. Makaɗan situdiyo na Landan ba sa haddace waƙa, ba sa ma buƙatar su taɓa jin ta. Ana ajiye wa kowa takardarsa a gabansa, ya karanta ya kaɗa nan take. A ƙa'idar aikinsu zama ɗaya sa'a uku ne, kuma kowane mutum ana biyansa ne a kan zaman. Saboda haka idan aka samu kuskuren rubutu a takardar masu ƙaho, mutum hamsin ko fiye za su zauna suna jira a gyara, agogo yana tafiya, kuɗi yana ƙonewa. Aikin mai tsara okestira shi ne ya ɗauki abin da Tuomas ya danna da yatsu goma a fiyano, ya raba shi ga kayan kiɗa daban-daban yadda kowanne zai iya: mai busa yana buƙatar wurin numfashi, bayolin tana da iyakar ƙasa da ba ta wucewa, abin da ya yi daɗi a kwamfuta wani lokaci ɗan Adam ba zai iya kaɗa shi ba. 'Yan amshi, su ma gomman mutane, ana ɗaukar su daban. An ruwaito cewa Once ya ci kusan yuro 250,000, wanda ya biyo shi kuma ya haura 500,000. A ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba, ba za a mayar da irin wannan kuɗi daga kasuwar gida kaɗai ba. Shi ya sa fita waje ya zame musu dole, kuma shi ya sa kusan duk waƙoƙinsu da Turanci suke, in ban da ƙalilan da harshen Finlan.

Mataki mafi wuya shi ne haɗa sauti, wanda Mikko Karmila ya daɗe yana yi musu a situdiyon Finnvox da ke Helsinki. Waƙa ɗaya tana iya zuwa da layukan sauti sama da ɗari. Matsalar ita ce waccan rabon ɗakuna da ya yi musu aiki a farko ya rushe da zuwan okestira. Celo da ƙahonin tagulla suna zama ne a daidai inda jitar lantarki take. Faya-fayan ƙarfen mai ganga suna rufe saman bayolin. 'Yan amshi mata suna hawa kan muryar mawaƙiya. Idan aka ɗaga kowa, ba a jin kowa, sauti ya zama kunu. Dole wani ya ja baya. A kundin Nightwish daga 2004, wanda ya fi ja baya shi ne mai jita: maimakon ya jagoranci karin waƙa kamar yadda aka saba a rok, sai ya koma yana sara gajerun sautuka tare da gangar ƙafa, okestira ta ɗauki karin. Masu sukar ƙungiyar suna cewa an mayar da Emppu ɗan rakiya, kuma akwai gaskiya a maganar. Sai dai wanda ya saurari waƙa mai minti goma kamar Ghost Love Score zai ji cewa ba don jitar ta matsa ba, da babu abin da zai fito sarai.

Once ya hau matsayi na ɗaya a Finlan da Jamus, ya kuma kai saman jadawalin Turai baki ɗaya. A Agustan 2005 su ne suka yi wasa a bikin buɗe gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya a Helsinki. Wata biyu bayan nan aka miƙa waccan wasiƙa.

A kan dandamali

Ƙungiyar ba ta yawo da okestira a rangadinta. Kuɗin jirgi da masauki da albashin mutum saba'in zai cinye ribar kowane wasa. Abin da ake yi shi ne a zo da sautin okestira da 'yan amshi da aka riga aka ɗauka, kwamfuta ta sake shi yayin da makaɗan ke kaɗa nasu kai tsaye. Don su tafi tare, mai ganga yana jin wannan kilik ɗin a kunnensa tun daga farkon waƙa har ƙarshe, sauran kuma suna bin sa. Amfanin a bayyane yake, amma farashinsa babba ne. Na'ura ba ta jira. Idan mawaƙiya ta makara shiga baiti da bugu ɗaya, okestira ta riga ta wuce. Idan jama'a suka ɗauki amshi suna so a maimaita, ba dama. Idan abin kunnen mai ganga ya ɗauke, dole ya riƙe gudun da ka har a gyara, in ya kauce kaɗan kowa a zauren zai ji ganga da goge suna jayayya. Don haka manyan ƙungiyoyi ke ajiye kwamfuta ta biyu tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta farko, in ɗaya ta tsaya ɗaya ta karɓa. Mai ganga a irin wannan ƙungiya ba shi da daren da zai yi sakaci, kuma wannan zai dawo a labarin.

Mawaƙiya ta biyu da ta uku

Bayan tafiyar Tarja sun buɗe ƙofa ga duk mai so, kaset ɗin gwaji kusan 2,000 suka iso. A Mayun 2007 aka bayyana Anette Olzon, 'yar Suwidin, wadda ta fito daga ƙungiyar Alyson Avenue. Da gangan suka guji mai muryar opera, don kada a ce sun nemo kwafin Tarja. Shawara ce mai hankali ga sababbin waƙoƙi. Mai waƙar opera idan ta hau sama takan lanƙwasa wasula don sautin ya fita, kalmomi su dushe. Muryar Anette kuwa ta kusa da magana ce, ana jin kowace kalma, kuma hakan ya dace da waƙoƙin da suka ƙara zama labari. Dark Passion Play na 2007, wanda aka ɗauki okestirarsa a Abbey Road, ya sayar da fiye da kwafi 100,000 a Finlan kaɗai. Waƙar da ta buɗe shi ta kusa minti 14, kuma Tuomas ya zuba ɓacin ran rabuwar a cikinta.

Matsalar ta fito ne a tsofaffin waƙoƙi. An rubuta su ne don murya mai zama a sama ta daɗe a can. Mawaƙiyar da ba a horar da ita haka ba tana da zaɓi uku: a sauke waƙar ƙasa, ta canza karin a wuraren da suka yi tsayi, ko a cire waƙar daga jerin wasa. Sauke waƙa ba ƙaramin aiki ba ne a ƙungiyar da okestirarta ke cikin kwamfuta, domin sautin da aka ɗauka a wani mataki idan aka ja shi ƙasa da na'ura yakan lalace, jita da bes kuma sai an sake musu ɗauri. Sun bi hanya ta biyu da ta uku a mafi yawan lokuta. Wani ɓangare na masoya bai yafe ba, kuma Anette ce ta sha zafin abin da ba ita ta jawo ba. A ganina an yi mata hukunci da ma'aunin da ba nata ba; a waƙoƙin da aka rubuta don muryarta, musamman a Imaginaerum na 2011, ta yi aiki mai kyau ƙwarai. Wannan kundin an yi masa fim mai suna iri ɗaya, wanda Stobe Harju ya ba da umarni, ya fito a 2012.

Ranar 28 ga Satumban 2012, a Denver ta Amurka, rashin lafiya ta kai Anette asibiti sa'o'i kaɗan kafin wasa. Maimakon a soke, aka tambayi jama'ar da ke zauren, sannan Elize Ryd da Alissa White-Gluz, waɗanda ke tafiya da ƙungiyar Kamelot mai buɗe musu wasa, suka hau da takardun baitoci a hannu suka rera. Anette ta nuna rashin jin daɗinta a fili. Ranar 1 ga Oktoba aka sanar da rabuwa. Daga baya ta ce korar ta aka yi kuma juna biyun da take ɗauke da shi na cikin dalilai. Ƙungiyar ta musanta hakan. A daren ranar da aka yi sanarwar, Floor Jansen, 'yar Holan da aka sani a ƙungiyar After Forever, ta tsaya a dandamali a Seattle, bayan kiran gaggawa da tafiyar jirgi da ta yi tana haddar baitoci.

Abin lura a nan shi ne rangadin bai tsaya ba. Wasannin an riga an sayar da tikitinsu, an kama zaure, an yi hayar motoci da ma'aikata. Soke mako ɗaya asara ce mai yawa. Kuma tunda komai a rubuce yake a kan taswirar lokaci, duk mawaƙiyar da ta iya waƙoƙin za ta iya shiga ta hau. Tsarin da ya hana su sassauci a dandamali shi ne ya ba su damar canza mutum cikin kwana biyu. Ko hakan adalci ne ga wanda aka canza, wannan wata magana ce, kuma sau biyu ke nan ƙungiyar tana rabuwa da mawaƙiya ta hanyar da ta bar tabo.

Floor ta warware matsalar da ta dami Anette, domin ta yi karatun waƙa kuma tana iya salo fiye da ɗaya: na opera, na rok mai buɗaɗɗen ƙirji, har da gurnani. Tsofaffin waƙoƙi suka dawo jerin wasa. Wasan da suka yi a bikin Wacken na Jamus a 2013, wanda aka ɗauka aka fitar, shi ya gamsar da masu shakka. A Oktoban shekarar aka tabbatar da ita, tare da Troy Donockley ɗan Ingila, mai kaɗa wani abin busa na Ailan da ake hura wa iska da zugazugi da jakar fata a ƙarƙashin hammata, sautinsa siriri mai kama da na algaita amma ya fi taushi. Troy yana waƙa shi ma, don haka muryoyi suka zama uku.

Abin da jiki ke biya

A Agustan 2014 Jukka Nevalainen, wanda ke kan ganguna tun 1997, ya sanar cewa ba zai iya ci gaba ba saboda matsanancin rashin barci da ya daɗe yana fama da shi. Duk wanda ya fahimci aikin mai ganga a wannan tsari zai gane dalili: sa'a biyu na taka ƙafa biyu cikin sauri, kilik a kunne, babu damar kuskure, sannan a kwana a mota a farka a wata ƙasa. Kai Hahto na ƙungiyar Wintersun ya karɓa na wucin gadi, aka tabbatar da shi a 2019, Jukka kuma ya koma kula da harkokin kasuwancin ƙungiyar.

Endless Forms Most Beautiful na 2015 ya ɗauki jigonsa daga kimiyyar halittu da rubuce-rubucen Charles Darwin, masanin nan Richard Dawkins ya yi karatu a cikinsa, waƙar ƙarshe kuma ta kai minti 24. A Disamban shekarar suka cika zauren Wembley na Landan, karon farko da wata ƙungiyar Finlan ta jagoranci wasa a wurin. Suka huta a 2017 baki ɗaya, suka dawo a 2018 da rangadin tsofaffin waƙoƙi.

Kundi na tara ya fito a Afrilun 2020, faifai biyu, na biyun okestira ce zalla ta kusan rabin sa'a. Ya faɗo daidai lokacin da annobar korona ta rufe zaurukan duniya. A zamanin da sauraro ta intanet ya karya cinikin faifai, kundi mai tsada irin wannan da tikiti da rigunan da ake sayarwa a wurin wasa yake mayar da kuɗinsa, sai ga shi babu wasa. A Janairun 2021 Marco Hietala ya sanar da ficewarsa bayan kusan shekara ashirin. Ya ambaci ciwon damuwa da ya daɗe yana fama da shi, da kuma ƙosawarsa da yadda kamfanonin sauraro ta intanet da masu shirya wasanni ke kwashe kaso mai tsoka su bar makaɗa da saura. Wannan rashi ya fi na mawaƙiya wuyar cikewa, domin mutum ɗaya ne ke riƙe aiki biyu. Jukka Koskinen ya karɓi bes, aka tabbatar da shi a 2022, baitocin Marco kuma aka raba su tsakanin Floor da Troy. A Mayun 2021 sun yi wasa biyu ta intanet ba tare da 'yan kallo a gabansu ba. A ƙarshen 2022 Floor ta bayyana cewa an gano tana da sankarar mama, aka yi mata tiyata, ta koma dandamali bayan 'yan makonni.

A Afrilun 2023 ƙungiyar ta sanar cewa kundi na gaba zai fito amma ba za a yi masa rangadi ba, saboda dalilan da ta ce na ƙashin kai ne. Wasanninta na ƙarshe kafin wannan hutu an yi su a Yunin 2023. Kundi na goma, Yesterwynde, ya fito ranar 20 ga Satumban 2024, an gina shi a kan matakan da aka saba: gwajin Tuomas, sansanin maimaitawa, ganguna, okestirar Landan, haɗa sauti. Daga cikin mutum ukun da suka ɗauki kaset ɗin farko a 1996, Tuomas da Emppu ne suka rage a kansa.